Ba Kowace Rawayar Tasi Ce Marathon Ba

Duk wanda ya saba kallon tsoffin hotunan biranen Amurka, ko finafinansu na da, ya san wata mota mai faɗin ƙirji da tudun rufi, ruwan ɗorawa, wadda aka zagaye ƙugunta da zanen gida-gida baƙi da fari. A nan Sakkwato ba a kan titi muke haɗuwa da ita ba. A hoto muke ganinta, ko a jikin kalanda, ko cikin 'yan motocin ƙarfe na wasan yara da ake kasawa a kasuwa, kuma kusan duk inda aka rubuta sunanta za a tarar an ce Checker Marathon. Na daɗe ina tara hotunan irin waɗannan motoci ina rubuta wa kowanne bayaninsa, kuma abin da aikin ya tabbatar mini shi ne mafi yawan motocin da suka yi aikin tasi da gaske ba Marathon ba ne. Marathon suna ne da kamfanin ya raɗa wa motar da yake sayar wa mai gida da iyalinsa, ita kuwa wadda ta sha wahalar titi dare da rana sunanta na masana'anta A11, harafi ɗaya da lamba, babu wani ado.

Dalilin wannan ruɗani bai da wuyar fahimta idan aka tuna wanda ake ƙera wa motar. Motar gida sai an yi mata suna mai daɗin ji an manna shi da farin ƙarfe a gefenta, saboda mai saye yana so maƙwabta su karanta. Tasi kuwa kamfanin haya ne yake sayenta da yawa a lokaci ɗaya, kuma abin da ya dame shi shi ne kuɗin gyara da yawan shekarun da za ta yi tana kawo kuɗi, don haka a takardar ciniki lamba ta ishe shi. Sai ya zamana rubutun da ya fi girma a jikin motar, wato wanda yake kan ƙofa da fitilar rufi, ba sunan wanda ya ƙera ta ba ne, sunan wanda yake haya da ita ne. Mai son gane tsohuwar tasi dole ya raba abubuwa huɗu da suka hau kan juna: sunan kamfanin haya, sunan masana'anta, lambar samfurin, da shekarar ƙira. Na farkon shi ne ido yake fara gani, kuma shi ne ya fi ɓatar da mutum.

Abin ya ƙara rikicewa ne saboda manyan sunaye biyu na wannan sana'a, Yellow da Checker, kowannensu ya kasance sunan masu haya kuma sunan masu ƙira. John Hertz ne ya kafa Yellow Cab a birnin Shikago, ya kuma buɗe masana'antar da take ƙera masa motocin. Morris Markin, wanda ya yi ƙaura daga Rasha ya fara da sana'ar ɗinki a Shikago, ya kafa masana'antar Checker a 1922 bayan kamfanin Commonwealth Motors da yake yi wa gangar mota ya karye, sannan ya mayar da aikin garin Kalamazoo na jihar Mishigan a 1923. A 1929 Markin ya sami iko da kamfanin hayar Yellow na Shikago, daga baya kuma kamfanin hayar Checker na birnin ya shigo hannunsa, wanda motocinsa kore da ruwan madara ne, ba rawaya ba. Daga nan aka riƙa ganin mota an rubuta mata Yellow a ƙofa alhali a Kalamazoo aka ƙera ta. Wannan haɗakar mai ƙira da mai haya ta yi ƙarfin da gwamnatin tarayya ta kai ƙara a ƙarƙashin dokar hana babakere, har maganar ta isa Kotun Ƙoli a 1947. A ɗaya ɓangaren kuma, garuruwa da yawa suna da kamfanonin haya masu suna Checker Cab waɗanda suke amfani da Ford ko Plymouth, su zana musu gida-gidan baƙi da fari. Launin ma ba hujja ba ne, domin sai a 1967 hukumomin Niyok suka wajabta fentin rawaya a kan tasin da ke da lasisi, kuma kafin wannan lokaci titunan birnin cike suke da ja da kore da masu launi biyu.

Masana'antar Yellow ba ta daɗe da sunanta ba. General Motors ta sayi rinjayen hannun jarinta a 1925, kuma daga wajen 1930 motocin suka koma fita da sunan General Motors Cab, har aka daina ƙera su a 1938. Samfuransu da dama harafin O ne da lamba a bayansa. Saboda haka idan hoto ya nuna mota mai siffar bayan Yaƙin Duniya na Biyu, komai girman rubutun Yellow a jikinta, ba ƙirar Yellow ba ce, sai a nemi mai ita a wani wuri.

Akwai kuma bambancin da ya kamata a tsayar tun da wuri tsakanin motar da aka yi tasi da ita da motar da aka ƙera don tasi. Tsoffin Chevrolet da Ford da Buick da suke ɗaukar fasinja a Havana ta ƙasar Kuba motocin gida ne na shekarun 1950 waɗanda suka ci gaba da aiki saboda an daina shigar da sababbi daga Amurka bayan juyin juya halin 1959, kuma sunayensu su ne na kowace motar gida ta zamanin. Ba su nake magana a kai ba. Waɗanda suka shafe ni iri uku ne, ko da yake iyakar da ke tsakaninsu ba kullum take fitowa sarai ba: motar da aka zana tun daga tushe domin haya, wato aikin Checker da Yellow, doguwar motar babban kamfani da aka sake wa tsari domin ta cika sharuɗɗan birni, wadda DeSoto ta kamfanin Chrysler ce sarauniyarta, da kuma motar talakawa da masana'anta ta ƙara wa ƙarfin birki da sifirin da kujeru ta sayar wa masu haya a ƙarƙashin wata lamba ta daban.

Checker ta fara da haruffa zalla. Akwai samfurin K na 1928, da M na farkon shekarun 1930 wanda ake ganewa da fitilunsa masu kusurwa huɗu a tsaye da murfin tayar gaba da aka datse domin ya rage karo a cunkoso, sannan T da Y, har zuwa samfurin A da ya fito dab da yaƙi, mai wata irin fuska mai kaifin kusurwoyi da ɓangaren rufin baya da ake iya buɗewa domin fasinja ya ga dogayen gine-gine. Waɗannan ba sa ba da wahala sosai, domin kowannensu yana da fuskarsa, kuma kaɗan ne ƙwarai suka tsira.

Bayan yaƙi ne lissafin ya koma harafin A da lamba. A2 ta fito a 1947, aka bi ta da A4 a 1950, sannan A6, dukansu da ƙirar zamanin, wato dogon hanci da murfin taya mai kumburi wanda yake gangarowa ya narke a cikin ƙofa. Tun a lokacin kamfanin yana gwada sayar da 'yan kaɗan ga masu zaman kansu, ya ba su lambobin A3 da A5 da A7. Ke nan a wancan zamani lamba mai rabuwa biyu daidai ita ce tasi, marar rabuwa kuma ta gida. Wanda ya haddace wannan ƙa'ida ya ɗauka ta zauna zai sha mamaki, domin bayan A8 abin ya juye gaba ɗaya, A9 da A11 suka zama tasi, A10 da A12 suka zama na gida. Na ga rubuce-rubuce da dama da suka tuntsure a daidai wannan mararraba, kuma ban cika ganin laifin masu su ba.

A8 ta 1956 ita ce uwar gangar da duniya ta sani. Da ita Checker ta bar tsohuwar ƙira ta koma ganga mai miƙaƙƙen gefe, da ƙofofi masu faɗi, da rufin da mutum zai shiga bai cire hularsa ba, da daɓen baya shimfiɗaɗɗe wanda babu tudun da ke ratsa tsakiyar sauran motoci, da 'yan kujeru biyu masu naɗewa a gaban babbar kujerar baya. Tazarar da ke tsakanin tayar gaba da ta baya inci 120 ce, wato mita uku da ɗan ɗoriya. Abin da yake raba A8 da duk na bayanta shi ne ido: fitila ɗaya ce a kowane gefe. Daga 1958, shekarar da motocin Amurka suka koma fitilu huɗu bayan jihohi sun halatta hakan, A9 ta fito da biyu a dama biyu a hagu, kuma haka fuskar ta zauna har ƙarshe. Don haka tambaya ta farko da nake yi wa kowane hoto ita ce yawan fitilun, saboda amsarta kaɗai tana raba shekaru biyun farko da ashirin da huɗun da suka biyo baya.

Idan fitilun huɗu ne, sai a sauko kan ragar gaba. A ƙarshen 1959 kamfanin ya fito da Superba, wato A10, motar gida da aka gina a kan gangar A9, kuma su biyun ragarsu ba ta cika faɗin fuskar ba, domin ƙananan fitilun tsayuwa suna zaune a ciki, a gefe da gefen ragar, cikin wani ado mai siffar tauraro. Marathon ta zo a matsayin samfurin 1961 da raga mai ƙananan gidaje wadda ta miƙe daga wannan fitila zuwa waccan, ƙananan fitilun kuma suka koma ƙarƙashin manyan. A farkon shekarun 1960 aka daidaita lissafin, tasi ta zama A11, Marathon ta zama A12, sunan Superba kuma ya ɓace bayan 1963. Daga nan har ranar 12 ga Yulin 1982, lokacin da mota ta ƙarshe ta fito daga Kalamazoo, gangar ba ta sauya ba ta hanyar da mai wucewa zai lura. Sauran kamfanonin Amurka suna sauya fuska kusan kowace shekara domin su tsufar da motar bara a idon mai ita, Checker kuwa masu sayenta ba sa son sauyi, saboda ƙofar motar da ta mutu tana shiga jikin wadda aka sayo jiya. Motocin da take ƙerawa a shekara ba su wuce 'yan dubbai ba, kuma wannan adadi ba zai biya kuɗin sababbin injunan buga ganga ba ko da ta so. Yunƙurin da ya fi kusa da kawo sabuwar ƙira shi ne na Ed Cole, tsohon shugaban General Motors da ya shigo kamfanin a 1977, amma ya rasu a hatsarin jirgin sama kusa da Kalamazoo a wannan shekara, aka ci gaba da tsohuwar ganga.

Mu da muka tashi da Fijo 504, wannan rashin sauya ganga ba baƙon abu ba ne a wurinmu. An fara ƙera ta a Faransa a 1968, masana'antar Kaduna da aka buɗe a 1975 ta ci gaba da haɗa ta har cikin shekarun 2000, kuma wanda ya tsaya a babbar tasha yana kallon masu lodin Illela ko Gusau zai ga kamar duk abu ɗaya ne, alhali direbobi da makanikai suna raba su ta bamba da fitilar baya da allon gaban direba. Na taɓa nuna wa wani dattijon bakanike, wanda ya fara koyon aiki tun zamanin da manyan mutanen Arewa suke hawan Chevrolet da Pontiac, hoton wata Checker da aka cire wa murfin taya a gareji. Na ce masa, "Baba, me ka gani a jikin wannan?" Ya daɗe yana dubawa kafin ya ce, "Ɗana, wagga mota don wahala anka yi ta. Duba, da noti anka ɗaure gehenta, ba walda ba, in ta yi karo da sahe kahin azahar ta koma hanya." Bai taɓa ganin irinta ba, amma abin da ya hango gaskiya ne, kuma shi ne babban abin da yake hana a amince da gangar Checker ido rufe: sassanta na waje kwancewa suke yi, garejin kamfanonin haya kuma suna musanya su ba tare da damuwa da shekara ba.

Tun da kamfanin bai sauya komai don ado ba, alamomin shekara kusan duk dokar gwamnati ce ta tilasta su, kuma wannan ya sa sun fi na sauran motoci amana. Daga 1968 doka ta wajabta ƙananan fitilu ko madubin haske a gefen kowace mota, gaba da baya, don haka Checker da gefenta yake fayau babu su ta girmi wannan shekara. Matashin kai a kujerun gaba ya zo a 1969. Mafi bayyana duka ita ce bamba: tsoffin motocin suna da bamba mai sheƙi mai lanƙwasa wadda ta dace da jikin, amma daga 1974, saboda dokar da ta ce mota ta jure karo a gudun mil biyar a sa'a ba tare da lalacewar fitilu da sauran kayan tsaro ba, aka ɗaura mata wani miƙaƙƙen ƙarfe mai kauri, launin toka, wanda ya turo gaba sosai. A ganina ya ɓata mata fuska, amma ga mai neman shekara babu alamar da ta fi shi sauƙi, domin ko daga nesa aka ɗauki hoton ana ganinsa.

Wanda ya sami damar ɗaga bonet yana da wata hujjar. Har zuwa 1964 injin Continental mai fulogi shida a jere, mai girman lita 3.7, shi ne a ciki, daga 1965 kuma aka koma injunan Chevrolet, mai fulogi shida ko takwas. Sai dai tasin da ta yi tafiyar dubban ɗaruruwan mil da wuya a same ta da injin da ta fito da shi. Haruffan da suke biye da lambar su ma suna da ma'ana. E tana nufin doguwar ganga mai tazarar inci 129, wadda ake ganewa da faɗin ƙofar baya, don haka akwai A11E da A12E. W tana nufin mai dogon rufi har baya domin kaya. Daga wannan reshe ne Aerobus ta fito, mai ƙofa shida ko takwas, wadda aka ƙera tsakanin 1962 da 1977 domin jigilar fasinja tsakanin filin jirgi da otal, kuma ita kam ba ta buƙatar bincike, ƙirga ƙofofi ya wadatar.

Yanzu ga inda maganar ta fi zafi. Yawancin rawayen Checker da ake gani yau a wuraren baje koli da bukukuwan aure da finafinai ba su taɓa ɗaukar fasinjan haya ba. A11 ta gaske an more ta har ta ruɓe, ga gishirin da ake zubawa a titunan arewacin Amurka lokacin ƙanƙara ya cinye ƙasanta, ita kuwa A12 ta kwana a garejin mai gida, don haka ita ce ta tsira, sai aka yi mata fentin rawaya da zanen gida-gida aka ɗora mata fitilar rufi. Abin dariyar shi ne a kan irin wannan mota sunan Marathon daidai ne, kalmar tasi ce ƙarya, a kan hoton titi na 1975 kuma tasi daidai ne, Marathon ne kuskure. Daga waje ana duba farin ƙarfen ado a gefe da kewayen tagogi, wanda ya fi yawa a A12. Daga ciki ana duba daɓe, domin A11 shimfiɗar roba ce da ita wadda ake wankewa da ruwa, da kujerun leda marasa ado, A12 kuwa tana da kafet da yadin da ya fi laushi. Kujeru masu naɗewa ba sa yanke hukunci, domin mai sayen Marathon ma yana iya neman a sa masa. Abin da yake yankewa shi ne farantin masana'anta da aka buga wa lambar shasi, inda lambar samfurin take rubuce, kuma idan babu hoton wannan faranti ni ba na rubuta A11 a ƙarƙashin motar baje koli, komai kyan kwalliyarta. Tasin Checker ta ƙarshe a Niyok ƙirar 1978 ce, ta bar aiki a 1999, aka yi gwanjonta a kan kuɗin da ya haura dala dubu ɗari, farashin da tarihin aikinta ne ya jawo shi, ba ƙarfenta ba.

Mutane da yawa suna ɗauka Checker ce kaɗai ta mallaki titunan Niyok tun fil azal, amma hotunan shekarun 1940 suna faɗin wani abu daban. Dokar Haas ta 1937, a zamanin magajin gari Fiorello La Guardia, ita ce ta kafa tsarin lasisin da ake manna tambarinsa na ƙarfe a kan bonet, kuma ƙa'idar birnin a lokacin ta bukaci tasi ta iya zaunar da mutum biyar a ɗakin baya, bayan direba. Motar gida ba za ta iya wannan ba. Wani dillalin DeSoto da Plymouth mai suna James Waters ya ga ƙofar ciniki a nan, ya riƙa karɓar dogayen DeSoto daga kamfanin Chrysler tun daga 1936 yana mayar da su tasi, da shinge tsakanin direba da fasinja, da kujeru masu naɗewa, da taga a rufi a kan kujerun baya. Wannan taga ce ta ba motar sunan Skyview, wanda yakan bayyana a fitilar rufinta. Ana gane ta da tsawonta, domin tazarar tayoyinta ta kai inci 139.5, da ƙofofin baya masu buɗewa ta gaba saboda maƙallansu suna baya, da kuma ragar gaba mai faɗi ta sanduna a tsaye, wadda ita ce tambarin fuskar DeSoto a waɗannan shekaru.

Wahalar DeSoto akasin ta Checker ce a wani wuri, irinta ce a wani. Kafin yaƙi fuskarta tana sauyawa duk shekara, har samfurin 1942 ya zo da fitilun da suke ɓuya a bayan murfi, abin da ba a saba gani ba a lokacin. An dakatar da ƙera motocin farar hula a farkon 1942, da aka dawo kuma mutane suna rububin duk abin da ya fito, sai kamfanin ya bar ƙirar yadda take shekara uku. DeSoto ta 1946 da 1947 da 1948 duk lambar masana'anta ɗaya suke ɗauke da ita, S-11, kuma daga hoton titi babu mai raba su da gaskiya. Wanda ya rubuta 1947 a ƙarƙashin irin wannan hoto galibi shekarar ɗaukar hoton ya sani, ko kuma tsakiya ya zaɓa. Ni nakan rubuta S-11, 1946 zuwa 1948, in tsaya a nan. Haka ma lambar rajista da farashin da aka rubuta a ƙofa, lokacin hoton suke nunawa, wato sun nuna motar ba ta gaza wannan shekara tsufa ba, amma ba su faɗi ranar haihuwarta ba. Packard ma ta ƙera tasi a waɗannan shekaru a kan gangar Clipper da inji mai fulogi shida, kuma doguwar siririyar ragarta ta tsakiya ba ta barin a rikita ta da kowa.

A 1954 Niyok ta sassauta ƙa'idar mutum biyar a baya, kuma wannan ya karya kasuwar doguwar DeSoto nan take, sunan DeSoto kansa ya mutu da samfurin 1961. Masu haya suka koma kan motocin da suka fi araha, irin su Plymouth Plaza da Savoy, da Ford Mainline da Custom, da Chevrolet 150 da Biscayne daga baya, da Dodge Coronet. A nan ƙa'idar da take taimako ita ce tasi kusan kullum ƙaramin mataki ce a jerin kamfanin, don haka idan gangar ta yi kama da Bel Air ko Impala ta farkon shekarun 1960 amma babu farin ƙarfe a gefe, a fara zaton ƙanwarta marar ado. A Chevrolet na wancan lokaci fitilun baya suna taimakawa, domin Impala tana da uku a kowane gefe, Biscayne biyu. Studebaker ce ta bambanta da sauran ta raɗa wa tasinta suna na musamman, Econ-O-Miler, daga ƙarshen shekarun 1950, kuma da samfurinta na Lark ya fito a 1959 aka ɗora sunan a kan doguwar gangarta mai faffaɗar ƙofar baya.

Bayan rufe Kalamazoo lambobin ba su ɓace ba, sun koma cikin takardun oda ne kawai. Chevrolet ta riƙa kiran tsarin tasi na Impala da Caprice 9C6, na 'yan sanda kuma 9C1. Ford Crown Victoria, wadda aka daina ƙerawa a 2011 kuma ta fara shiga sahun tsoffin da ake tarawa, ta fi kowa sauƙin tantancewa, saboda tun 1981 kowace mota a Amurka tana da lambar shasi mai gurbi goma sha bakwai wadda ake karantawa ta gilashin gaba a ɓangaren direba. A gurbi na biyar zuwa na bakwai, a mafi yawan shekarun ƙirarta, P72 tana nufin ƙirar haya, P70 doguwar ƙirar haya da aka ƙara wa ɗakin baya inci shida, P71 kuma ta 'yan sanda. A ƙananan garuruwa da yawa masu haya tsoffin motocin 'yan sanda suke saye a gwanjo su yi musu fenti, shi ya sa ake yawan samun ramin fitilar bincike a jikin sandar gilashin gaba ta ɓangaren direba, ko an toshe shi ko an bar fitilar a wurin, kuma irin wannan mota P71 ce ko da ta shekara goma tana ɗaukar fasinja.